Shekarar da Iya Ta Shiga Ruwa

Na ji abin da Gwaggo Rabi ta faɗa muku ranar sunan nan a Morris Heights. Ina kicin ina zuba zoɓo a kofuna muryarta ta iso ni, tana cewa uwarku ce ta tura Iya gida ta mutu. Ban fito na tanka ba. Ban taɓa iya magana a cikin taro ba, kuma Gwaggo ta tsufa, ciwon abin bai sake ta ba har yau. Amma na ga irin kallon da kuka riƙa yi mini a mota muna komowa, shi ya sa na zauna zan rubuta muku yadda abin ya kasance, ku karanta a tsanake.

Iya ita ce mahaifiyar Baba, wato kakanku. Ina 'yar shekara goma sha uku ta zo nan Amurka. Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba, ita ta fara samun takardun zama a danginmu, ita ta yi ta kai da kawowa har aka kawo Iya daga ƙauyensu na bakin tafki a wajen Nguru, don a cire mata yanar ido a kuma kula da ciwon sugarta. Da yake Gwaggo ɗaki ɗaya gare ta, sai aka sauke Iya a gidanmu na Grand Concourse, a ɗakina. Aikin ido ya yi kyau. Ranar da aka kwance mata bandeji ta matsa jikin taga ta daɗe tana kallo, abin da ke wajen kuwa jan bulon ginin maƙwabta ne da tsanin ƙarfe mai tsatsa. Daga nan ba ta ƙara zuwa tagar ba. Mama ta hana ta taɓa murhun gas don tsoron gobara. Shinkafa a gyare take zuwa cikin leda, ba tsakuwar da za a tsince. Wanki inji ne ke yi a ƙasan bene. Sai Iya ta zauna a ƙasa kusa da gado, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora hannuwanta a cinya a buɗe. Hannuwan nan nake yawan kallo idan ina aikin makaranta. Faffaɗa ne, masu kanta, kuma wani lokaci yatsun sukan motsa su kaɗai kamar suna laluben wani abu a cikin laka. Abincin da aka kai mata rabi yake dawowa, daga baya ma fiye da rabi.

Akwai abin da ku 'yan nan ba ku sani ba, kuma in ba ku san shi ba labarin ba zai shiga ba. Baba ɗan fari ne. A wurin su Iya, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama su yi hira, ba ta kallon tsabar idonsa. Kunya ce, da ita ta girma, ita ta gani wurin uwarta. Idan Baba ya dawo daga tuƙin tasi ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. Idan tana son ya san wani abu, wani za ta faɗa wa yana tsaye yana ji, ta ce a gaya wa mutumin nan. Shi ma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin zai zama daban ba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana na yanka ba, Ummi yake ce mini, ita kuma Iya ta ce takwara. Ni kaɗai take tsokana a gidan. Takan ce Hausata kamar tuwon da bai ji wuta ba, takan ce idanuna sun fi bakina aiki, in na yi aure mijina zai zaci kurma aka ba shi.

Da sanyi ya fara shigowa aka kai ajinmu yawon ganin tsuntsaye a Jamaica Bay, can bakin teku. Ni a baya nake tsayawa kullum, ranar kuma iska ta kwashe duk abin da malamar kimiyya ke faɗa, ban ji ko rabi ba. Tsuntsayen na kalla. Sun cika bakin ruwan, ba su kai dinyar gida girma ba, kai da wuya baƙi wuluk, da ɗan farin zane a gefen wuya kamar an ɗaura musu abin wuya. Kukansu ƙasa-ƙasa ne, kamar tsofaffi na hira a zaure. Sai ɗaya ta tsoma kai cikin ruwa, gindinta fari ya yi sama, ƙafafun suna ta harbin iska. Da na dawo gida na kwatanta wa Iya, don dai in samu abin faɗa mata. Ina kaiwa wurin tsoma kan sai ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Ta sa na sake kwatantawa, ta tambayi zurfin ruwan, ta tambaya ko a wuri ɗaya suke taruwa ko a warwatse.

"Takwara," in ji ta, "za ki kai ni?"

Tun zuwanta ba ta taɓa roƙon komai ba. Mama ta yi murna, ta ɗauka lambun shaƙatawa ne irin na unguwa, ta naɗe Iya cikin rigunan sanyi har uku ta ba mu shayi a fulas. Muka hau jirgin ƙasa na layin D, muka sauya zuwa na A, tafiya mai tsawo a cikin rami. Iya ta rufe ido tana jan carbi. Can sai jirgin ya fito sarari ya hau kan ruwa, ruwa dama ruwa hagu, ta saki carbin ta dafa gilashi da hannu biyu.

Asabar da yawa muka yi muna zuwa. Mukan zauna a kan wani gungume da ruwa ya kawo, ita tana kallo tana magana, maganar da ban taɓa jin ta yi mai tsawo haka ba. Ta ba ni labarin tafkinsu, yadda dinya da kirinjijiya ke sauka bayan damina, yadda matan ƙauyen ba sa ɓata ƙafa wajen neman bado, tsuntsayen suke bi. Inda ka ga sun taru sun kifa kai, to akwai abinci a ƙasa. Mata su ɗaura zane a ƙirji su shiga, su laluba da yatsun ƙafa, su ciro saiwar bado kamar dankali, a gasa, 'ya'yansa kuma a shanya a daka a yi tuwo. Ta ce a shekarar yunwa da shi ta rayar da mutumin nan, yana goye a bayanta take shiga ruwan. Ta ce tsuntsu ba ya cinye gonarsa, yakan ci ya bar gurbi, baɗi wurin ya fi cika. A makonnin nan kwanon Iya ya fara dawowa a share. Baba ya lura. Wata safiya na ga ya ɗaga murfin kwanon a kicin, ya duba, ya mayar a hankali ya fita.

Ranar da abin ya faru mun tarar ruwan ya janye can nesa, ya bar laka baƙa shimfiɗe, tsuntsayen suna can bakin inda ya tsaya. Iya ta ce ikon Allah, rani ya zo musu da wuri. A wurinta ruwa sau ɗaya yake janyewa a shekara, kuma in ya tafi sai wata damina. Ni kuma yarinyar Bronx ce, na san a littafi cewa teku na tafiya yana dawowa, amma ban san saurinsa ba, ban kuma gane me take nufi ba sai da na ga ta buɗe jakarta ta ciro robar wanke shinkafar Mama da wuƙar yankan albasa. Ta tuɓe takalma da safa, ta jera su a kan gungumen, ta tattare zanenta ta soke. Na ce Iya da sanyi fa. Ta ce ganyen ne sanyi ya kashe, saiwar tana nan a ƙasa, in ba haka ba me waɗannan suke ci. Ta ce yau gidanmu za a ci abin da hannunta ya ciro.

Na bi ta har inda laka ta fara kama takalmina na tsaya. Ita ta wuce. Tafiyarta ma ta sauya, ba ta dogara komai, tana ɗaga ƙafa kamar yarinya. Tsuntsayen suka matsa gefe suna gunaguni. Ta shiga ruwa zuwa ƙwauri, ta tsaya tana laluben ƙasa da ƙafa, ta sunkuya ta tura hannu har kafaɗa. Abin da ta ɗago wani kore ne mai santsi kamar jiƙaƙƙiyar leda. Ta duba shi, ta sansana, ta yar. Ta matsa gaba ta sake. Laka, kore mai santsi, murfin kwalba. Ta yi ta yi. Ni kuwa ina kallon wani dutse da ɗazu yake a bushe, yanzu ruwa ya zagaye shi. Na kira ta, muryata ba ta kai ba. Kafin ta ɗago ta gane, ruwan ya kai mata cinya, ya kuma zagayo ta bayanta. Wata Baturiya mai dogayen takalman roba, cikin masu kallon tsuntsaye, ita ta shiga ta kamo ta. Da suka fito Iya ta jiƙe har ƙirji, leɓɓanta sun yi toka, robar tana hannunta ba komai a ciki. Matar ta so ta kira motar asibiti, Iya ta ƙi, ta ce kada a tara mata jama'a. Haka muka hau jirgi, na lulluɓa mata rigata, ruwa na ɗiga daga zanenta yana bin ƙasan jirgin duk lokacin da ya tsaya. Da muka kusa gida ta juyo wajena.

"Ba komai a ƙasan," ta ce. "To me suke zuwa yi?"

Zazzaɓi ya rufe ta kafin a shiga sabon mako, aka kwantar da ita, likita ya ce sanyi ya kama huhunta. Gwaggo Rabi ta zo gidanmu ta yi faɗa da Hausa da Turanci a haɗe, ta ce an bar tsohuwa a hannun yarinyar da ko gaisuwa sai an tatso daga bakinta. Mama ta yi kuka. Baba ya daina kallon inda nake, wannan kuwa ya fi mini faɗan Gwaggo ciwo.

Tambayar Iya ta tsaya mini a rai. Ranar da aka tashi daga darasin kimiyya na ƙi fita, na tsaya a bakin tebur ina murza igiyar jakata har malamar ta ɗago. Ina jin a ranar ta fara jin muryata. Ta zaunar da ni ta nuna mini hoton wata ciyawa doguwa siririya, tana kwance tana tashi a ƙarƙashin ruwa kamar gonar shinkafa da iska ke kaɗawa. Ta ce ciyawa ce ta gaske mai saiwa da fure, a cikin ruwan gishiri marar zurfi take fitowa, ƙananan kifi a cikinta suke ɓuya. Ta ce tsuntsayen nan daga can ƙarshen arewa suke tasowa inda ƙanƙara ke rufe komai, kuma tun asali wannan ciyawar suke biyowa, su ci ganyenta, su tono saiwarta idan ruwa ya janye. Da can ta cika irin waɗannan gaɓoɓin. Sai wata cuta ta faɗa mata ta kashe ta a kusan duk gaɓar, a nan kuma dattin birni ya dagula ruwan har hasken rana ya daina kaiwa ƙasa, ba ta sake tashi ba. Tsuntsayen suka zo kamar kullum suka tarar da wayam, da yawa suka mutu. Waɗanda suka rage suka koma cin koren nan mai santsi, in sanyi ya tsananta kuma su hau tudu su yi kiwo a filayen ƙwallo da gefen titi. Ta ce akwai masu ƙoƙarin sake dasa ciyawar, amma a wannan ruwan ba ta kama ba tukuna.

Da yamma na je asibiti. Iya ta rame, an sa mata robar iska a hanci, hannuwanta suna kan farin bargo. Na zauna na juya mata duk bayanin malamar da ɗanyar Hausata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ashe ba su yi mata ƙarya ba, da akwai, ita ce ta makara. Ta tambaya ko tsuntsayen sun san ciyawar ta mutu. Na ce ban sani ba, suna dai zuwa duk shekara. Ta tambayi filin ƙwallon, ko irin wanda muke wucewa ne a jirgi, mai shingen waya, inda karnuka ke kashi. Na ce irinsa. 

"Waɗanda aka ƙyanƙyashe bayan ta mutu, su ba su san sun rasa komai ba," ta ce. "Kamar ke. Ku ci abinku, Allah ya sa muku albarka. Ni na san ɗanɗanon waccan."

Sai ta kamo wuyan hannuna. Ta ce ta faɗa wa Rabi tun ba yau ba gida take so, Rabi ta mai da abin wasa, ta ce wa zai bar asibitin Amurka ya koma inda ko allurar suga sai an je birni. Mama kuwa suruka ce, ba za ta iya kai wa mijinta irin wannan magana ba. Saura ni.

"Ki gaya wa mutumin nan ya mai da ni gida. Ki ce ba fushi nake ba, ya yi mini duk abin da ɗa ke yi. Ki faɗa yadda na faɗa, kada ki rage don tausayinsa."

Na san abin da saƙon yake nufi, don a gidanmu ko yaro ya sani. Takardun Baba ba su fito ba a lokacin. In ya fita ƙasar nan ba zai iya dawowa ba, mu kuma muna nan. Idan Iya ta hau jirgi, shi ke nan tsakaninsu. Na kwana biyu da maganar a bakina, ina buɗe baki tana komawa. Iya ba ta sake tambayata ba, in na shiga ɗakin dai sai ta dubi fuskata ta kau da kai. Wannan kau da kan ne na kasa jurewa.

Da safe ne, Baba ya dawo daga aiki ya yi sallah yana shan shayi a kicin, bai ko cire hular sanyinsa ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa, ina kallon igiyar takalminsa guda da ta kwance. Ya ajiye kofin.

"Ita ta ce, ko ke kika ga ya dace?"

Na ce ita ce.

"Sake faɗa mini. Yadda ta faɗa."

Na sake, har da maganar cewa ba fushi take ba. Ya tambaya ko ta san shi ba zai iya bin ta ba. Na ce ta sani. Shayin ya huce a gabansa, na ji hitar ɗumama ɗaki tana ƙwanƙwasa a bango, na ji maƙwabta na saukowa bene za su aiki. Sannan ya ce in tashi kada in makara makaranta. A makon ya je ya samu Gwaggo. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, na dai san ta yi wata da watanni ba ta taka gidanmu ba, kuma ni ta ɗora wa, don ta kasa ɗora wa yayanta, ta kasa ɗora wa uwarta.

Sai da sanyi ya wuce Iya ta yi ƙarfin tafiya. Wata mata 'yar garinsu da za ta gida aka haɗa su. A filin jirgi an zaunar da Iya a keken guragu, jakar magungunanta a cinya. Ta yi sallama da Mama, ta sa mata albarka, ta ja kunnen ƙannena. Baba yana tsaye taku ɗaya daga gefenta, ya riƙe fasfonta da hannu biyu. Na zaci ranar za ta karya al'adar, ko sau ɗaya ta dube shi. Na ga wuyanta ya motsa kamar za ta juya. Sai ta dube ni.

"Takwara, ki ce wa mutumin nan ya riƙa cin abinci kafin ya fita. Ya rame."

"Ummi," in ji Baba, "ki ce mata na ji. Ki ce ta yafe mini."

Na faɗa mata, alhali ta ji da kunnenta. Ta ce bai yi mata komai ba, ta yafe duniya da lahira. Na juya na faɗa masa. Wani ma'aikacin filin jirgin ya tura keken, muka tsaya muna kallon bayan mayafinta har ya shige.

Ta ga damina ɗaya a gida. Waɗanda suka kira waya sun ce takan sa a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida tana gyara wa jikoki kifi, tana faɗa da kowa a kan yadda ake shanya kuɓewa. Sugar ce ta tashi mata bayan kaka, kafin a samo mota ta cika. Gwaggo ta yi gaskiya a abu ɗaya, da tana nan wataƙila da ta ƙara shekaru. Gwaggo ta je ta'aziyya. Baba a falonmu ya karɓi gaisuwa, a kan kafet, ranar sadakar uku da yamma kuma ya ɗauki makullin tasi ya fita, don ba wanda zai tuƙa masa.

Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma taɓa ce mini na kyauta ba. Bayan wasu makonni ne ya fara wani abu da bai daina ba har ya bar duniya. Zan zo wucewa yana zaune, sai ya ce Ummi, zo. Ya ce ranar nan a asibiti, bayan ta ce a mai da ita, ta ƙara cewa wani abu? Ko ya ce a bakin ruwan nan da kuke zuwa, ta taɓa yin maganata? Sai in zauna in faɗa masa. Na faɗa masa na shekarar yunwa, yana goye tana shiga ruwa da shi, bai taɓa ji ba sai a bakina. Duk abin da na tuna na ba shi, ban ƙara ko kalma ba, ko da na ga yana so a ƙara. Ku da kanku kun sha ganinmu a haka lokacin da ya tsufa, kuna cewa Grandpa ya fara maimaita tambaya. Ba mantuwa ba ce, ya san amsar. Ranar ƙarshe da ya tambaye ni, a gadonsa, na ce Baba ai na faɗa maka duka. Ya ce ya sani, in dai sake faɗa.